Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Masu Farautar Tsofaffin Injinan Gahawa

A ƙasar Italiya akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa sai bin kasuwannin gwanjo da rufaffun shagunan shan gahawa, suna neman tsofaffin injinan da ke dafa gahawar nan mai kauri da ake kira espresso. Mai karatu zai ce, ina amfanin injin da ya yi tsatsa? To, ga abin da ya sami Angelo Moriondo.

Shi wannan bawan Allah mutumin birnin Turin ne. A shekarar 1884 ya sami takardar mallakar fasahar wani inji mai dafa gahawa da tururi, amma kaɗan ya ƙera, bai kuwa kai su kasuwa ba. Yau ba a san inda ko guda ɗaya yake ba, har sunansa ya kusa shafewa, sai da masu bincike suka tono takardar tasa. Wanda aka fi tunawa shi ne Luigi Bezzera na Milan, wanda ya yi wa nasa rajista a 1901, domin Desiderio Pavoni ya sayi fasahar, ya fara ƙera injin Ideale a 1905. Waɗannan na farko dogaye ne kamar randa a tsaye, kuma gahawarsu takan yi ƙauri saboda zafin tururi.

Achille Gaggia ne ya sauya al'amarin. Injinsa na 1948 yana da mariƙi da ake janyowa ƙasa. In an sake shi sai sifirin ya tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa, kumfar nan mai ruwan ƙasa ta taso a kan kofi. A 1961 kuma kamfanin Faema ya fito da E61, mai famfon lantarki, aka raɗa masa sunan saboda husufin rana na wannan shekara. Daga nan masu shaguna suka shiga zubar da tsofaffin, da yawa suka ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Shi ya sa La Cornuta, wato mai ƙaho, wanda Gio Ponti ya zana wa kamfanin Pavoni a 1948, ya zama sai an tona.

Samun injin ma rabin aiki ne. Sai an duba lambar da ke jikinsa, an gwada da tsofaffin takardun talla da hotuna, kafin a tabbatar da shekararsa da kuma ko an sauya masa kaya. Irin wannan wahala Enrico Maltoni ya sha shekara da shekaru, kuma injinansa na cikin waɗanda aka buɗe gidan tarihi na MUMAC da su a Binasco, kusa da Milan, a 2012. Duk wanda Allah ya kai shi can, zai ga abin da da tuni an narkar.