Fitinar Halittar Alƙur'ani: Ranar da Fada Ta Nemi Mallakar Zukata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

A shekara ta 218 bayan Hijira, wato 833 Miladiyya, Halifa Ma'amun ya aika da takarda daga garin Raƙƙa zuwa ga wakilinsa na Bagadaza, Ishaƙ bin Ibrahim. Ya umarce shi da ya tara alƙalai da malaman hadisi, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda cewa Alƙur'ani halitta ne. Tun a shekara ta 212 halifan ya bayyana wannan ra'ayi na Mu'utazilawa, amma bai tilasta wa kowa ba. Takardar ce ta mayar da ra'ayin sarki sharaɗin riƙe muƙami. Wannan jarrabawa ita ce malaman tarihi suke kira Mihna.

An fara da malamai bakwai, cikinsu har da Yahaya bin Ma'in da Zuhairu bin Harb da Muhammad bin Sa'ad. Aka kai su gaban halifa, suka amsa abin da ake so don tsoron takobi. Shari'a ta yi rangwame ga wanda aka tilasta matuƙar zuciyarsa tana natse da imani, saboda haka ba mu zarginsu, Allah Ya jiƙan su. Sai dai fada ba ta ɗauki amsarsu a matsayin uzuri ba. Ta mayar da su Bagadaza, aka shelanta cewa manya sun yarda, aka yi amfani da sunayensu wajen karya gwiwar na baya.

Da aka tara rukuni na gaba, mutum huɗu suka ƙi: Ahmad bin Hambal, Muhammad bin Nuhu, Sajjada da Ƙawariri. Aka sa musu mari. Cikin 'yan kwanaki biyun ƙarshe suka sallama, aka tura Ahmad da Ibn Nuhu a ɗaure zuwa wajen halifa. Suna kan hanya Ma'amun ya rasu, aka juyo da su, Ibn Nuhu kuma ya cika kafin su iso gida. Imam Ahmad ya shafe fiye da shekara biyu a tsare, aka yi masa bulala a gaban Halifa Mu'utasim har ya suma, bai canja maganarsa ba. Abin da ya riƙa nema a zaman muhawarar shi ne a kawo masa hujja daga Littafi ko Sunna.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jarrabawar da ta fara a kan alƙalai ta gangara kan masu ba da shaida, har ya zama ba a karɓar shaidar wanda bai amsa ba. A zamanin Halifa Wasiƙ ta kai ga ladanai da malaman makaranta a Masar. Buwaiɗi, almajirin Imam Shafi'i, an kawo shi Bagadaza a ɗaure, ya rasu a kurkuku a shekara ta 231. A shekarar ce aka kashe Ahmad bin Nasr Alhuza'i. A shekarar ce kuma, wajen musayar fursunoni da Rumawa, aka riƙa yi wa Musulmin da ke hannun abokan gaba wannan tambaya, wanda ya amsa a fanshe shi, wanda ya ƙi a bar shi. Ikon da aka sallama a zaure ɗaya ya kai har bakin iyakar daula.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka lura da abu biyu game da Imam Ahmad. Na farko, bai ɗauki makami ba. Lokacin da wasu malaman Bagadaza suka zo masa da shawarar yi wa Wasiƙ tawaye, ya hana su, ya gargaɗe su kan zubar da jinin Musulmi. Ya bar wa sarki mulkinsa, ya hana shi harshensa da zuciyarsa. Na biyu, da Halifa Mutawakkil ya kawo ƙarshen fitinar wajen shekara ta 234, iska ta juyo ɓangaren Ahmad, bai nemi zama sabon malamin fada ba. Ya ƙyamaci kyautar halifa, ya nisanci muƙami har rasuwarsa a shekara ta 241. Ya riga ya ga abin da ke faruwa idan ilimi ya jingina da sandar hukuma.

Wannan tarihi yana da alaƙa da mu. Bayan tarzomar Maitatsine da ta fara a Kano a 1980, an kafa dokar wa'azi a Jihar Kaduna a 1984, kuma a 2016 aka kai wa majalisar jihar ƙudirin sabunta ta, wanda ya tanadi lasisin wa'azi, Musulmi da Kirista suka yi ta muhawara a kai. Dalilin hukuma ba wasa ba ne, domin baƙin wa'azi ya jawo asarar rayuka a ƙasar nan. Wanda ya tunzura jama'a, a gurfanar da shi gaban alƙali da hujja bayyananna. Amma kafin malami ya goyi bayan a ba gwamnati ikon zaɓen wanda zai hau mumbari, don yau ikon zai faɗa kan abokin saɓaninsa, ya tambayi kansa wa zai riƙe wannan iko bayan zaɓe biyu. Ahmad bin Abi Du'ad, babban alƙalin da ya jagoranci Mihna, ya ƙare an tsige iyalansa daga muƙami an ƙwace dukiyarsu a hannun fadar da ya yi wa hidima.

Sulhu a kan rabon dukiya ko muƙami alheri ne, kuma al'umma ba ta zaman lafiya sai da shi. Abin da mutum ya ƙudurce a ransa kuwa ba kayan ciniki ba ne, domin ranar hisabi kowa shi kaɗai zai tsaya, babu jam'iyya babu ƙungiya. Iyaye su koya wa 'ya'yansu girmama hukuma tare da neman hujja, ɗalibai kuma su auna malami da dalilinsa, ba da kusancinsa da gidan gwamnati ba.

Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya ba malamanmu tabbata, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi. Wallahu a'alam.