Tantance Adireshin Imel: Matakin Farko Na Gwajin Tsaron Kamfani

SULEJA — Ɗan kasuwar Wambai da ke hulɗa da kamfanonin Abuja ta imel, dukiyarsa tana rataye ne da amincin adireshinsa. Shi ya sa masu gwajin tsaron kwamfutocin kamfani sukan fara da tantance adireshin da ke aiki, domin ta nan 'yan damfara su ma suke farawa.

Mai gwaji yakan jera sunayen ma'aikata, sannan ya tambayi kwamfutar da ke karɓar wasiƙun kamfanin game da kowane suna, ba tare da ya aika wasiƙa ba. Bisa ƙa'idar SMTP ta 1982, amsar 250 tana nufin an amince da adireshin, 550 kuwa an ƙi shi. Sai dai wasu kwamfutocin sukan amsa 250 ga kowane suna, saboda haka ba a dogara da amsar kaɗai.

Ta haka ake bankaɗo adireshin waɗanda suka bar aiki amma ba a rufe ba, da kuma na akanta, wanda ɓarawo kan kwaikwaya ya umarci abokin ciniki ya biya kuɗi cikin wani asusu dabam.

Kafin a fara, wajibi ne mai kamfani ya ba da izini a rubuce, domin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta kutsawa kwamfutar wani ba izini. Duk wasiƙar da ta sauya lambar asusu kuwa, a tabbatar ta tarho kafin a biya.