Gobe da Nisa

Tsawonta da ƙyar yake wuce kamu guda, launinta kuwa na ƙasa da busasshen ganye. Amma manoman Kibiya da ɗaliban makarantun kwana na Rano sun fi shakkarta a kan mesa. Kububuwa ke nan, wadda Bahaushe ya yi wa laƙabi da gobe da nisa, wato wanda ta sara da wuya ya ga wayewar gari.

Ƙasar Rano ta dace da ita: duwatsu masu kogo, gonakin dawa da gyaɗa har gindin katangar makaranta. Ɓera ke jawo ta. Inda ɗalibai suka zubar da ragowar tuwo bayan ɗakin kwana, ɓera zai zo, ita kuma ta biyo shi da magariba. Kasa takan kwanta tana barci har a taka ta, kumurci ya fasa kai ya tofa dafi a ido. Kububuwa kuwa sai ta naɗe, tana goga ɓawon jikinta da juna, ka ji ƙara kamar an ɗiga ruwa a tukunya mai zafi. Gargaɗi take yi, sai dai yaron da ya fito kewaye da silifas, babu tocila, bai san wannan harshe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda dafinta ke yaudara. Yana hana jini daskarewa. Mutum zai tashi da kumburi kawai, a ce ai da sauƙi, a ɗaure ƙafar da igiya, a tsaga, a manna baƙin dutse. Kafin kwana biyu jini na fita ta dasashi da fitsari. Ɗaurin da tsagar ƙara ɓarna suke yi. Allurar kashe dafi ce magani, irin wadda ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo na jihar Gombe, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wani tsohon maigadi ya taɓa ce wa ɗalibai, “’Ya’yana, da kaka ku zazzage takalmi kafin ku sa.” Shi kansa ba ya zagayen dare sai da sanda, yana buga ƙasa a gabansa.