GANI YA KORI JI: LABARIN BOGA

Kowace shekara in Kirsimati ta gabato, 'ya'yanmu masu karatu ko aiki a birane sukan komo gida Zuru da tsaraba iri biyu. Akwai ta cikin jaka, akwai kuma ta baki, watau labarin abin da suka gani da abin da suka ci. A 'yan shekarun nan ba abincin da ake yi wa kirari kamar wanda ake ce da shi boga. Ƙannensu sun ji, sun kuma ga hotonsa a waya, har ka ji yaro ɗan aji huɗu yana cewa in ya girma shi da tuwo sun yi ban kwana. To, ya ku iyaye, ya kamata mu san ko mene ne wannan abu da yake so ya raba 'ya'yanmu da akushi.

Mene Ne Boga?

Ƙaramin burodi ne kewayayye wanda aka tsaga biyu. A tsakiya ana sa niƙaƙƙen naman sa wanda aka mulmula aka danne shi ya yi faɗi kamar waina, aka gasa a kan ƙarfe mai zafi. Sa'an nan a ɗora ganyen latas, da yankan tumatir, da albasa, wani lokaci da cuku. Shi ke nan.

Cikakken sunansa hambaga, daga sunan birnin Hambog na ƙasar Jamus, amma a Amurka ya yi suna. A 1921 wani kanti mai suna White Castle ya fara sayar da shi a jihar Kansas, kowane ɗaya santi 5. A 1948 waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sāke tsarin kantinsu a Kalifoniya domin a riƙa sallamar mutum nan da nan, boga ɗaya santi 15. Ku lura da wannan da kyau: a ƙasar da ya fito, abincin gaggawa ne mai araha, na ma'aikaci wanda ba shi da lokacin komawa gida da rana. Matsayinsa a can bai wuce na ƙosai da burodi a tasharmu ba.

A nan ƙasar, kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Legas a 1986. KFC ya zo a 2009, Burger King kuma a 2021, dukansu a Legas suka fara. Da abin ya haye teku, sai ya sāke riga. Abincin talaka a can ya zama abincin nuna isa a nan.

Abin Da Harshe Ya Faɗa

Kwanan baya wani taron malamai ya kai mu Abuja, mu huɗu. Muka bi ta Rijau, da Kwantagora, da Minna. Da aka tashi taro muka ce bari mu ɗanɗana wannan abu, domin in yara sun tambaye mu, mu ba su amsa da sani. Muka gwada a gidan abinci biyu, ran Alhamis da ran Jumma'a.

Wurin kam ba laifi. Ga sanyin na'ura, ga fitilu, ga kujeru masu sheƙi, ga hoton boga a bango ya kumbura kamar zai yi magana. Amma wanda aka miƙo mana a cikin takarda bai kai rabin na hoton ba. Burodin yana da zaƙi, da ka kama shi sai ya lotse. Naman ya bushe, ba yaji, ba ƙanshin wuta, in ba don gishiri ba da sai ka ce audugar katifa kake tauna. Latas ya yi yaushi. Abin da ya fi fitowa a baki shi ne zaƙin jar miyar kwalba da aka shafa. Na gida na biyu ya ɗan fi laushi, amma shi ma sammakal.

Babba a cikinmu ya share baki, ya dubi takardar kuɗi, ya ce, "Malam, ashe ɗakin muka saya, naman gyara aka ba mu." Gaskiyarsa. Kuɗin guda ɗaya ya isa a auno dawa mudu uku ko huɗu a kasuwar Zuru. Kafin dare kuwa dukanmu muna wurin mai tsire.

Me Ya Sa Haka?

Na ɗaya, niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka yake ba. In an niƙa nama, ƙwayoyin cuta da suke a bayansa sukan shige har ciki, saboda haka dole a gasa shi ya nuna sarai. In kuwa naman ba shi da kitse sosai, ko ya daɗe a ƙanƙara, ko an gasa an ajiye ana jiran mai saye, ruwan jikinsa yakan tsane.

Na biyu, an shirya shi domin harshen waɗansu mutane ne. Mu mun saba da naman da aka yanka da safe, aka fere shi siriri, aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli, da citta, da masoro, da barkono, aka jera kewaye da garwashi. Wanda ya tashi da tsire da balangu da kilishi, da wuya nama marar yaji ya burge shi.

Na uku, tsadar ba ta naman ba ce kaɗai. Yawancin alkamar da ake burodi da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita domin a noma ta gida, amma bayan 'yan shekaru aka janye dokar. Da darajar naira ta faɗi ƙwarai a 2023, sai fulawa ta tashi. Ƙara da kuɗin haya, da man janareto, da albashin ma'aikata. Duk wannan mai saye ne yake biya. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin Da Ya Kamata Mu Kula

Cin boga ba zunubi ba ne, wanda yake so ya ci da godiya. Haɗarin yana wani wuri dabam. In yaro ya koyi cewa abin da ya fito daga nesa shi ne mai daraja, zai fara jin kunyar tuwon dawar uwarsa. Daga raina tuwo sai raina mai tuƙa shi, daga nan sai raina gonar da ta ba da shi. A ƙasar nan ta Lelna, saurayi yakan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Mutanen da suka ɗauki dawa da daraja haka, bai kamata jikokinsu su ɓoye ta in baƙo ya zo ba.

Akwai kuma maganar aljihu. Matashi mai ƙaramin albashi yakan kashe kuɗin cefanen kwana biyu a zama ɗaya domin a ɗauke shi hoto, alhali kuɗin makarantar ƙanensa yana jira. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mun san labarin Isuwa a Farawa sura 25, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda abincin rana ɗaya. Mun kuma san a Yahaya sura 6 Ubangijinmu Yesu ya karɓi gurasar sha'ir biyar da kifi biyu daga hannun wani yaro. Sha'ir abincin talakawa ne, duk da haka bai raina ba, ya yi godiya, jama'a suka ci suka ƙoshi.

Shawara Ga Iyali

Kada ku hana yara da faɗa, gama abin da aka hana shi ne yake ƙara daɗi a zuciya. Gara ku yi musu shi a gida su gani da idonsu. Uwargida, ki sami tsoka mai ɗan kitse, ki daddatsa ta ƙanana ko ki kirɓa a turmi da albasa, da tafarnuwa, da gishiri, da yaji. Ki fasa ƙwai ɗaya domin ya kama jiki. Ki mulmula, ki danne, ki soya a kasko da mai kaɗan har cikinsa ya daina ja. Ki sa a burodi da tumatir da aka wanke da kyau. Da kuɗin guda biyu na birni, gida duka zai ci.

Sa'an nan ran Kirsimati, sa'ad da aka komo daga sujada, maigida ya tara kowa a tabarma ɗaya, na birni da na gida. A kawo tuwon dawa da miyar kuka ko ta yakuwa. Kafin a sa hannu, bari ƙaramin yaro ya faɗi gonar da dawar ta fito, da sunan waɗanda suka yi noma, da waɗanda suka yi sussuka, sa'an nan a yi addu'ar godiya dominsu. Allah ya ba mu zuciya mai wadar zuci, ya kuma sa albarka a rumbunanmu. Amin.