Sunayen Tsuntsaye Masu Farauta a Tsofaffin Birane: Daga Agadas zuwa Arlit

A wannan ɗan bayani za mu duba yadda Hausa ta raba tsuntsaye masu cin nama gida biyu: na gari da na daji. Ungulu, wadda mutanen yamma suke kira angulu, da shirwa su ne na gari. Gaggafa da mikiya kuwa na daji ne, shi ya sa yawancin mutanen birni ba sa iya bambanta su da ido.

Zaman ungulu a birni ba sabon abu ba ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya tarar birnin ya ragu ƙwarai, ya kuma ba da labarin ungulaye jere bisa rusassun katangu kusa da kasuwa, suna dakon abin da mahauta za su yar. Dalilin zamansu a fili yake: inda ake yanka kullum, inda juji yake, inda kuma akwai gini mai tsawo na sauka, nan tsuntsun zai tare. Ita ce mai sharar gari, ba da lada ba.

Wannan kusanci shi ya cika harshe da sunanta. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza, domin kowa ya san ba ta kewaya wuri sai da dalili. Wanda aka yaudara kuma ya ce an yi masa ungulu da kan zabo. Gaggafa ba ta sami irin wannan rabo ba.

Arlit kuwa gari ne na jiya, wanda aka kafa a 1969 saboda haƙar yuraniyom, Akokan ya biyo baya a shekarun 1970. Hausa ta isa can a bakin 'yan kasuwa da leburori daga Tawa, Maraɗi da Damagaram, tare da karin maganarsu duka. A ganinmu nan ne ya fi dacewa a yi bincike, domin tun 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da cinikin kawunanta don magani. Ya kamata a tambayi yaran Arlit da Akokan abin da suke nufi da ungulu, da mikiya, a rubuta amsarsu, sa'an nan a gwada da ta tsofaffin mahautan Agadas.