Keke a Kan Dutse Lokacin Hunturu

Ya kai maigida, in kana da keke, ko ɗanka yana da shi, karanta wannan, sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba.

Ƙasar Jos tudu ce, bisanta ya kai mita 1,200, watau wajen ƙafa 4,000. A watan Disamba da Janairu sanyinta ba wasa ba ne. Daga Hawan Kibo in ka gangara wajen kurmin Nimbiya, za ka tarar da ƙananan hanyoyi cikin itatuwan katako masu manyan ganye. Manoma suna binsu da keke zuwa kasuwa. Samari kuma yanzu suna binsu don nishaɗi, da irin keken nan mai giya da taya mai kauri. Hanyar tana da daɗi, amma tana aiko mana da mutane ɗakin magani.

Mutane suna tsoron hawa, alhali kuwa haɗarin yana wajen gangara. Ga dalili. Kadan ka taka keke ka hau tudu, jikinka zai yi zafi, gumi ya jiƙa rigarka. Da ka juya ƙasa ka daina takawa, sai iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, sanyi ya shige ka. Yatsunka su sandare, ka kasa matse birki yadda ya kamata. Ga hazo ya rufe gabanka. Ga busasshen ganye ya lulluɓe duwatsu da ramuka.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata asuba na ɗaure akwatin magani a baya zan je wani ƙauye, na yi gaggawa, na matse birkin gaba shi kaɗai a kan tsakuwa. Ban farga ba sai ga ni a ƙasa, gwiwa ta yage. Kwana goma ina ɗingishi, mutanen ƙauyen kuwa suna ta jira.

To, ga abin da za ka kiyaye:

1. Tun da dare duba robar birki, da sarƙa, da iskar taya.
2. Kada ka fita sai gari ya waye, kuma ka ci wani abu tukuna.
3. Sa riguna biyu ko uku marasa nauyi. Tuɓe ɗaya wajen hawa, mayar da ita kafin gangara. Sa safar hannu da hular kwano, ka rufe hanci da ƙyalle saboda ƙura.
4. Ɗauki ruwa mai tsabta, ka riƙa sha. Iskar hunturu tana busar da jiki ko ba ka ji ƙishirwa ba.
5. Wajen gangara matse birki biyu tare, a hankali. Inda ya yi tsanani, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.
6. Faɗa wa mutanen gida hanyar da za ka bi.

In kuwa ka faɗi ka ji rauni, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasar ta fita duka, ka ɗaure da ƙyalle wankakke. Kada ka yarda a sa maka kashin shanu, ko toka, ko ƙasa. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zaune, wanda likitoci ke kira tetanas. Yakan bayyana tsakanin kwana 3 da kwana 21 bayan rauni, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, yana kuwa kashe mutum. Akwai allurar rigakafinsa. Zo ɗakin magani ran nan da ka ji raunin, kada ka bari sai ya ruɓe.

Wanda ya bugu a kai kuma, in yana amai, ko barci yana ɗibarsa, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a ce a bari ya huta zuwa safe.

Keke a gyara shi da faci da sifana, amma maigida ba shi da madadi a gidansa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.