Gargaɗi ga Mutanen Falanko: Damuwa Tana Kayar da Mai Ƙarfi

Jama'ar Falanko da kewaye, magidanta da iyaye mata, makiyaya da malaman makaranta, a saurara.

Daga watan Afrilu har ruwan shuka ya sauka, ƙasarmu ta Damargu ba ta da lokacin da ya kai wannan nauyi. Zafi ya haura digiri 40, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiyar hatsi sai hawa yake, bisashe sun rame. Yaron da ya tafi ci-rani Libiya ko Najeriya bai aiko ba, wani ma wayarsa ta daina shiga. Duk wanda ya ga yunwar 2005 da ta 2010, gabansa na faɗuwa tun kafin hadari ya makara. A gaishe shi ya ce lafiya lau, alhali tunani na cin jikinsa. Haƙuri halinmu ne mai kyau, amma ɓoye ciwo ba ya cikinsa.

Ka duba kanka da kanka. Kana farkawa tsakar dare kana lissafin bashi har asuba? Ƙeya na sara, zuciya na bugawa ba ka yi gudu ba? Tuwo ya fita ranka? Ka soma daka wa yara tsawa a kan abin da da dariya yake ba ka, ko kana cikin salla raka'a ta ɓace maka kusan kullum? Ke ma uwargida, tsakanin rijiya da turmi da goyo, in hawaye na zubo miki ba dalili, musamman cikin jego, kada ki ce gajiya ce kawai.

Ga awo mai sauƙi. Bayan lisha, duk ranar da ta zo da irin waɗannan alamu, a jefa tsakuwa ɗaya cikin ƙwarya. In mako biyu ya cika, tsakuwa ta rinjayi ranakun lafiya, to lokacin zuwa likita ya yi. A tambayi na kusa kuma, don sau da yawa mata kan riga miji ganin ya sauya.

In an je, a nemi awon jini. Hawan jini kan daɗe a jiki ba alama, kuma in awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, sai magani da bibiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da ke haɗiyar tramol don su jure noma ko doguwar tafiya. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya. Shayi mai kauri da dare kuwa ragowar barcin yake kwashewa.

Akwai abin da ba a jiran mako biyu a kansa. Ciwon ƙirji mai tsanani, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu, ko mutum ya fara cewa gara ya huta da duniya: a ranar za a kai shi likita mafi kusa, in ta kama a wuce asibitin Tanout ko babban asibitin Damagaram. Addu'a ba ta hana wannan tafiya. Mai irin wannan furuci kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga inda yake kafin mota ta zo.